Kwallin Goggo

Ranar da aka kori Zuleha daga labo, ɗakin gwaje-gwajen da take aiki, ko farar rigarta ba a bari ta ɗauka ba. Da ƙafa ta tako daga unguwar Kabalaye har gidansu a unguwar Gardole cikin rana tsaka, hawaye na zuba ba ta ko sharewa. Rashin aikin bai dame ta ba kamar yadda za ta kalli idon Goggo, ƙanwar mahaifinta, wadda ta riƙe ta tun tana marainiya 'yar shekara huɗu, ta kuma kai ta har karatun kimiyyar sinadarai da kuɗin cinikin kwalli.

Kwallin nan kuwa shi ne mafarin komai. A shekarar 1998 Zuleha tana auna jinin yaran unguwa masu yawan suma da jinkirin magana, sai ta ga dalma a ciki, gubar da ke cin ƙwaƙwalwa a hankali. Ta bi ruwan rijiya, ta bi tukwane, ba ta samu komai ba, sai a kwallin da ake sa wa jarirai. Wayyo Allah, irin na Goggo ne! Ta ari tandu tara cikin hajar tsohuwar, ta sa musu lamba a gindi, ta auna ta mayar, sannan ta durƙusa ta faɗa mata gaskiya. Goggo ta daɗe tana kallon hannuwanta.

"Da shi na ciyar da ke, Zuleha. Yau shi ne guba?"

Tana cikin wannan ƙuncin Muntasir, abokin aikinta, mai daɗin baki wanda ba ya jin Hausa ko "zo", ya karɓi littafin awonta wai zai gyara mata Faransancin kafin a aika wa abokan bincike a Dakar. Bayan sati biyu kacal ya gaya wa daraktan labo cewa kwalaben awonta ba su da tsabta, alƙalumanta kuma ƙirƙira ce. Ta rantse, ta yi kuka, ba wanda ya saurare ta. Kafin ta iso gida labari ya riga ta. Dangi suka yi mata ca, wai butulu ce, ta kashe sana'ar wadda ta raine ta da ƙaryar da ko labo ta ƙi karɓa. Goggo ta shige ɗaki ta saki labule.

Zuleha ta koma unguwar Mursal tana koyarwa a wata sakandare. Duk Juma'a takan zo ta durƙusa a ƙofar ɗakin ta ce, "Goggo, ina wuni," a amsa mata daga bayan labule a taƙaice. Ta ga gidan ya bushe, masu sayen kwalli sun ɗauke ƙafa, sai ta ɗora wa kanta laifin duka. Addu'arta ɗaya ce, Allah ya wanke ta a idon Goggo kafin ƙasa ta raba su. Shi kuwa Muntasir ya buga binciken da sunansa, wai shi ya sake yin awon da kansa, yana ta hawa jirgi zuwa taruka, asibitoci na gargaɗin uwaye da aikin da bai yi ba.

Goggo ta rasu a daminar 2004, ba ta ɗaga labulen ba.

Bayan wata huɗu wata farfesa ta zo daga Dakar don a faɗaɗa binciken. Ta buɗe littafin awon a gaban darakta, ta tambayi Muntasir ma'anar K.G.1 zuwa K.G.9. Ba kunya ba tsoron Allah ya ce kilogiram ne. Farfesar ta cire tabarau ta tambaye shi wane ne ke niƙa kilo tara don awon da ɗan mitsitsi ya isa. Sai darakta ya tuna asali littafin na Zuleha ne. Aka aika a kira Zuleha daga aji, ta zo da alli a hannunta.

"Kwallin Goggo ne," ta ce. "Na ɗaya zuwa na tara."

Aka nemi shaida, ta nufi Gardole ba tare da sa rai ba. Hansai, tsohuwar maƙwabciyarsu, ta fito mata da ƙullin zane. Ga tandu tara, ga lambobin da rubutun hannunta, ko ɗaya ba a taɓa ba.

"Ta sa na rantse ba zan faɗa ba tana raye," in ji Hansai. "Masu saye ba guduwa suka yi ba, 'yar nan, ita ce ke mayar da su. Cewa take 'yata ba ta ƙarya. Zama take tana ƙirga jariran da ta sa wa kwallin da hannunta, tana kuka... Kunyarki ce ta hana ta fitowa, ba fushi ba."

An kori Muntasir, an soke sunansa daga takardar an sa nata, farfesar kuma ta ɗauke ta cikin masu binciken. Dangin da suka zage ta suka zo ban haƙuri, ta ce ta yafe. Amma wallahi ranar ba ta yi murna ba. Ta je ta durƙusa a ƙofar ɗakin nan yadda ta saba shekara shida, ta miƙa hannu, ta ɗaga labulen da ba ta taɓa yin ƙarfin halin ɗagawa ba. Tabarma ce kawai a naɗe a jikin bango.

"Goggo, ina wuni," ta ce.