Igiyar Gashi a Jirgin Si Mezian

Yammacin da abin ya soma, garin Dallis yana nan yadda ya saba. Masunta sun dawo, ƙamshin gasasshen kifi yana tasowa daga gidajen tsohuwar unguwa, teku kuma ta kwanta lumui kamar an shafe ta da mai. Si Mezian yana ɗakinsa na sama, ya ɗora tabarau kan tabarau, yana ɗaura igiyar ƙarshe a jikin jirginsa.

Jirgin bai fi kamu biyu ba. Shabbak ne, irin jiragen yaƙin da kakannin garin suka riƙa fita teku da su tun kafin zuwan inji: siririn ƙirji, dogon hanci, jigo uku masu ɗauke da filafilan zane na kama iska, da igwa jere a kowane gefe. Tun da ya bar gyaran agogo yake ƙera irin waɗannan ƙananan jirage yana sayar wa baƙi. Wannan kuwa ba na sayarwa ba ne. Idanunsa sun fara dushewa, ya san shi ne na ƙarshe, saboda haka ya ƙi yin ƙarya ko da a inda ido ba ya kaiwa. Ƙashin bayan jirgin ya sassaƙa shi ne daga wani baƙin katako da tarun wani masunci ya jawo daga ƙarƙashin teku, da tsatsar tsohuwar ƙusa a jikinsa. Ya toshe kowace kafa da ƙaro, ya zuba tsakuwa a cikinsa don nauyi, kamar gobe za a tura shi ruwa. A ɗakin shugaban jirgi ya rataya fitila wadda ba ta fi ƙwayar alkama ba, sannan ya rufe ɗakin da katakon da ya yi damina guda yana yi wa zanen furanni.

Abu ɗaya ya gagare shi, wato zare. Duk wanda ya samu a kasuwa ya yi kauri ga ƙananan igiyoyin igwa da na tuta. To, matarsa Lalla Fetta, kamar kowace mace a unguwar, ba ta zubar da gashin da mataji ya kwaso. Takan dunƙule shi, ta yi bismilla, ta cusa a wata kafa ta bangon tsakar gida, don kada wani abu ya taka ko ya ɗauka. Si Mezian ya san kafar. Gashin autarsu Juhar dogo ne, baƙi, mai ƙarfi. Shi ya ɗebo ya yi igiyoyin da shi, bai gaya wa kowa ba.

Juhar ce ta hawo da gahawa. Ta ajiye, ta sunkuya tana leƙen jirgin.

"Baba, an gama, ko saura ɓerayen rumbun hatsi?"

"An gama."

"Haka ka ce bara. To ina mutanen? Ga igwa, ga tulunan ruwa, ba ko mai dafa abinci."

"Kin san ba na sassaƙa mai rai."

"Ashe sai ya nemi nasa," in ji ta, ta sauka tana dariya.

Ladan bai kai ƙarshen kiran magariba ba, sai wani abu ya faɗo tsakar gida. Lalla Fetta ta leƙo daga ɗakin girki, ta zaci yaran maƙwabta ne, har ta buɗe baki za ta yi faɗa. Na biyu ya faɗo, ya fasa tukunyar na'ana'a. Si Mezian ya sauko ya ɗauki ɗaya. Dutse ne mai santsi, zagayayye kamar an mulmula shi, jiƙe da ruwa mai sanyi. Ya kai harshensa ya taɓa, ya ji gishiri. Ya ɗaga kai. Ba kowa a bisa rufin, sai tsuntsaye da suka yi tsit.

Daga ranar, magariba ba ta sake zuwa ita kaɗai ba. Da zarar rana ta taɓa ruwan teku sai duwatsun su soma, ba da gaggawa ba, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai jifan yana auna nisa. In sun tsagaita sai muryoyi su biyo baya daga ɗakin sama: maza da yawa, can nesa, suna nishi tare kamar masu jan igiya mai nauyi, da wani irin harshe da ya yi kama da na garin amma ya tsufa. Da safe Si Mezian yakan tarar da daɓen ɗakin ya yi farin gishiri. Ƙofofin igwa da ya rufe da hannunsa duk a buɗe. Hancin jirgin da ya bari yana kallon bango ya juya yana kallon taga, inda teku take.

Ya mayar da shi yadda yake. Shi mutum ne da ya yi rayuwarsa yana buɗe agogo yana gano abin da ya tsayar da shi, kuma ya riƙa gaya wa kansa wannan ma yana da dalili.

Sai Juhar ta daina dariya. Da fari ciwon kai ta ce. Daga baya ta ce wa uwarta, a hankali, "Yemma, wani yana jan gashina." Lalla Fetta ta duba kan, ba ta ga komai ba. Likita ya ba da ƙwayoyi, ba su yi ba. Yarinyar ta soma tafiya tana ware ƙafafu tana tangaɗi a kan busasshiyar ƙasa. Ta ƙi kuskus, sai busasshen burodi da take gurgura a lungu. In magariba ta yi takan miƙe tsaye tsakiyar gida, hannayenta suna kamawa suna ja, suna kamawa suna ja, ba komai a cikinsu, kanta ya karkace baya.

Wata magariba aka neme ta aka rasa. Masunta ne suka kawo ta. Sun same ta a ƙasan matakalar tsohuwar tashar jirage, ruwa ya kai mata ƙirji, tana ci gaba da shiga.

"Ko ka je ka kira Si Lunis, ko in saka mayafi in tafi da kaina," in ji Lalla Fetta.

Si Lunis limamin ƙaramin masallacin unguwar ne, tsoho, mai ƙarancin ji a kunne ɗaya. Tare suka yi ƙuruciya da Si Mezian, ba su kuma daina tsokanar juna ba. Ya zo bayan la'asar, ya haye matakala yana haki, ya tsaya gaban jirgin ya daɗe yana kallo.

"Mezian, da ka ba sallar asuba rabin wannan haƙurin, da tuni ka zama waliyyi." Amma bai yi murmushi ba. "Sauko da shi tsakar gida."

Aka shimfiɗa wa Juhar tabarma kusa da jirgin. Si Lunis ya zauna a wajen kanta, ya soma karanta ayoyin tsari da murya ƙasa ƙasa. Gidan ya yi shiru har ana jin ɗigon famfo. Inuwar bango ta rarrafo ta rufe rabin tsakar gida. Can yarinyar ta buɗe ido, amma ba ita ce take kallo ta cikinsu ba. Muryar da ta fito daga bakinta ta namiji ce, tsohuwa, mai kaushi, kamar tsakuwa a ƙarƙashin taguwar ruwa.

"Ya isa, malami. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai?"

"Ɗan jirgi."

"Wane jirgi?"

"Wanda ya nutse ranar da aka yi wa gaɓar nan ruwan wuta. Ina cikinsa tun yana sabo. Mutanensa sun san da ni, sukan bar mini ɗan mai a lungu. Suka mutu, na zauna da ƙasusuwansu. Katako ya yi ta ruɓewa har saura guda, shi ma taru ya ɗauke. Na biyo gidana."

"Me ya haɗa ka da yarinyar mutane?"

"Na zo na tarar an gina mini jirgi. Wasu sukan ƙera ƙarya, waje kyau ciki rami. Wannan mutumin jirgi ya ƙera. Amma jirgi ba ya tafiya sai da mai jan igiya. Ban sace ta ba. A ɗaure na same ta a jikin jigo. Tambayi wanda ya ɗaura."

Si Lunis ya juya ya dubi abokinsa. Si Mezian ya faɗi abin da ya yi, cikin kalmomi kaɗan, yana kallon ƙasa.

Lalla Fetta ba ta yi kuka ba. Ta dubi kafar bangon, ta dube shi. "Bangona ka tona?" Shi kuwa ya gwammace a ce marinsa ta yi.

Si Lunis ya koma kan karatunsa da ƙarfi, har jikin yarinyar ya lanƙwashe, muryar ta yi ƙara tana neman afuwa.

"Za ka fita."

"In fita in je ina? Ba ni jirgina."

"Jirgi naka, yarinya tamu."

"Abin da ke ɗaure a jirgi na jirgi ne, malami, haka dokar teku take, ba ni na kafa ta ba. Gobe in rana ta taɓa ruwa zan tashi. Abin da kuka kwance naku ne. Sili ɗaya ya rage, ta bi ni."

"Ka rantse da wanda ya halicce ka daga wuta."

Ya rantse. Idanun Juhar suka rufe.

Tun da gari ya waye Si Mezian ya zauna da matsefata da gilashinsa mai ƙara girman abu. Yankewa ba za ta yi ba, don ƙullin zai rage. Dole a kwance kowane ɗauri da tsinin allura. Lalla Fetta ta zauna gefensa da farin faranti, tana karɓar kowane sili. Ya bi igwa ɗaya bayan ɗaya. Ya bi igiyoyin tuta, da na ƙaramin kwalekwalen da ke bisa jirgin, da ɗaurin tulunan ruwa. Hawaye suna cika masa gilashi. Duk silin da ya kwance, sai wuyan Juhar ya ɗan saki, yatsunta su daina kamun iska.

Da la'asar sakaliya ya ajiye matsefata. "Na gama."

Si Lunis, wanda ya dawo ya zauna a bakin ƙofa da carbinsa, ya nuna yarinyar da haɓa. Tana kwance, jikinta ya sake, amma kanta yana nan a ɗage kaɗan daga matashi, kamar an rataye shi ta ƙeya da abin da ba a gani. Yana lilo a hankali, dama da hagu.

Si Mezian ya san wannan lilon. Shi ya gwada shi da yatsa kafin ya rufe ɗakin shugaban jirgi. Fitilar. Da silin gashi ya rataye ta.

Ya dubi bayan jirgin, inda furannin suke, da ƙananan tagogi da ya yanka daga gilashin agogo. Ba ƙofar da hannu zai shiga. Da gangan ya yi haka. Hasken rana ya riga ya koma ja a saman bango.

"In na fasa, zai karɓi fasasshen jirgi?"

"Wanda ya zauna cikin ruɓaɓɓen katako tun zamanin kakannin kakanninka, taga ce za ta dame shi? Fasa, tsohon banza."

Ya saka bakin aska ya danna. Katakon ya tsage da ƙara siririya, furannin suka zube a tabarma. Iska mai sanyi, mai warin ƙasan teku, ta fito daga ramin ta bugi fuskarsa. Can ciki fitilar tana lilo, kuma tana ci. Shi bai taɓa saka mata lagwani ba. Ya ambaci sunan Allah, ya zura allura cikin wannan ɗan haske, yatsunsa suna ƙanƙarewa, ya laluba ƙullin da ba ya iya gani. Hannunsa ne ya tuna yadda ya ɗaura. Silin ya zame, fitilar ta faɗi a daɓen ɗakin ba ta mutu ba, kan Juhar kuma ya sauka a matashi.

Tsofaffin biyu suka ɗauki jirgin suka gangara zuwa matakalar tsohuwar tasha, mutane suna matsa musu ba mai tambaya. Rana tana dab da ruwa sa'ad da Si Mezian ya shiga har gwiwa ya ajiye shi. Jirgin ya zauna daram, yadda ya san zai zauna. Ba iska a ranar, amma filafilan suka cika. Ya fita ta bakin tasha, ya yi ta ƙanƙancewa, har ba abin da ake gani sai ɗan haske ta fasasshen bayansa, sannan shi ma duhu ya haɗiye shi.

Da suka dawo ladan yana kira, ba dutsen da ya faɗo. Juhar tana zaune, ta jingina da uwarta, tana cewa da muryarta ta kullum, "Yemma, yunwa nake ji. Me ya sa bakina gishiri?"

Lalla Fetta ta dunƙule gashin da ke farantin, ta yi bismilla, ta cusa shi a kafar bangon. Sannan ta kwaɓa ƙasa ta miƙa wa mijinta. Ya karɓa, ya toshe kafar da hannunsa, ya shafe ta sumul, yadda ba wanda zai sake gane wurin, har shi.