Munawwara da Kwamfutar da Ta Ƙi Tashi

Ranar kasuwar Lolo Munawwara ta fara ganinsa. Ya shigo ƙaramin asibitin da take aiki da jaka a kafaɗa, ƙafar wandonsa duk lakar hanyar Bagudo. Ya yi sallama, ya ce sunansa Saifuddeen, shi aka turo ya tayar da babbar kwamfuta.

Ta amsa, ta sunkuyar da kai ba tare da ta san dalili ba.

Ƙungiyar 'yan gari ce ta sayi na'urar hoton ƙirji da wannan kwamfuta da ake kira saba, wadda za ta riƙa adana hotuna tana aika wa likita a Birnin Kebbi. Alhaji Abdulganiyu, ɗan kasuwar da ya daɗe yana aiko wa Munawwara turare tana mayarwa, shi ya kawo kwamfutar, ta hannu ce daga Kwatano.

Ba wanda ya ƙagu kamar Munawwara. Mahaifinta Malam Namadi, masunci, yana kwance a ɗakin maza, tari ya cinye shi, jikinsa ba zai ɗauki doguwar tafiya ba.

Saifuddeen ya soka filashi, ya fara zuba babbar manhajar da kwamfuta ke tashi da ita. Wani shuɗin layi ya fito a allo yana jan ciki. Daga hantsi har la'asar bai kai rabi ba, sai ya tsaya cak.

Washegari ya sauya filashi. Ya sauya wayoyi. Ya ciro sassan ƙwaƙwalwarta yana gwadawa ɗaya bayan ɗaya. Layin bai fasa rarrafe ba.

"Mi ya hana ta?" in ji Munawwara, ta ajiye masa fura.

"Ban gane ba tukuna. Amma ba zan bar ta ba."

In layin ya kama tafiyarsa, ba abin yi sai jira. Sai Saifuddeen ya tafi ɗakin maza ya zauna gefen Malam Namadi, yana masa fifita, tsohon yana ba shi labarin giwan ruwa da shekarar da kogin Kwara ya ci gonakin shinkafa. Munawwara takan tsaya a ƙofa tana kallonsu. A nan zuciyarta ta tafi.

Wani maraice saƙo ya shigo wayarta:

"Nawwarata, kin ci abinci? Na ga yau ko ruwa ba ki sha ba. Ki kula mini da kanki."

Ta karanta har ta haddace, sannan ta rubuta:

"Na ci, Saif. Kai dai ka tayar mana da ita. Baba na jiranka, ni ma haka."

Daga ƙarshe ya gano. Akwai wani kati a cikin sabar da ke haɗa ta da faifan ajiya. Tsohon yayi ne, sabuwar manhajar ba ta san shi ba, shi ya sa take rubutu da ƙyar har ta gaji. Sai an samo wani katin.

Alhaji Abdulganiyu ya zo ya yi tsaye a tsakar asibiti. "Lafiya lau na kawo injin ga. Yaron ne bai iya ba, yana neman abin fakewa."

Da gari ya waye aka nemi Saifuddeen aka rasa.

Munawwara ta kira wayarsa, ba ta shiga. Ta tura saƙo, shiru. A ranakun nan numfashin Malam Namadi ya yi ta ja da baya, har wata Laraba da azahar ya cika, kansa a cinyar ɗiyarsa.

A zaman makoki maganar Alhaji ta zagaye gida: wai Saifuddeen ya kasa, ya gudu. Munawwara ta yi kukan uba a fili, ta yi ɗayan kukan a ɓoye.

Tana wanke kwanukan sadaka sai wayarta ta hau ƙara, saƙonni suna shigowa a jere.

"Hasken raina, na tsallaka Benin neman katin. Ban so in tashe ki ba."

"Babu a Malanbil. Sun ce sai Paraku. Ki ce wa Baba ina tafe."

"Layina ba ya aiki a nan, ban san ko kina gani ba. Na samu, Nawwara! Na samu!"

Ta zauna a ƙasa da kumfa a hannunta.

Ta same shi a asibiti. Ya riga ya sa katin. Layin da ya wahalar da su ya cika kafin shayi ya huce, sabar ta tashi tana ƙyalli. Shi kuwa yana zaune a dandamali, fuska cikin tafin hannu. A bakin ƙofa aka gaya masa rasuwar.

"Na makara," ya ce. "Da na gano da wuri..."

"Kwanansa ne ya ƙare, Saif."

"Na san haka. Amma na ce masa ina tafe."

Suka yi ta hawaye, kowa a gefensa.

Bayan mahaifiyarta Inna Hamsatu ta fita takaba, Saifuddeen ya turo manyansa. Inna ta ce a'a.

"Duk sadda na ga yaron ga, gadon asibiti nike gani. Ba ni iyawa, Munawwara."

Munawwara ba ta yi musu ba. Ta ci gaba da zuwa aiki, tana tura hotunan ƙirjin iyayen wasu, amsa na dawowa kafin su gama alwala. Ta rame har zobenta ya fara zamewa. Alhaji ya sake aiko da turare, ta sake mayarwa.

Baffanta Muhammad Sani ne ya zo ya zauna a ƙofar ɗakin Inna.

"Hamsatu, ni ma na ji ciwo, ɗan'uwana ne. Amma ranar da munka yi maganar ƙarshe da shi, cewa ya yi, 'Wanga yaro da ke mini fifita, in ya nemi ɗiyata, kada ku wahal da shi.' Na yi shiru don na ga zuciyarki ba ta huce ba. Yanzu kam dubi yarinyar."

Inna ta juya ta dubi ɗiyarta, ta daɗe tana dubanta. Sai ta ja gefen zanenta ta rufe fuska.

An ɗaura auren bayan girbin shinkafa, ba kiɗa, ba taro mai yawa. Da za a tafi da amarya Bagudo, ango ya shigo ya durƙusa gaban Inna, ya kasa ɗaga kai.

Inna ta ɗora hannu a kansa.

"Tashi, ɗana. Ba ka da laifi, ni ce na rasa inda zan aje baƙin cikina. Ga ta nan. Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya ba ku zuri'a mai albarka, Ya jiƙan wanda bai ga wagga rana ba."

"Amin, Inna," suka ce tare, su ukun suna kuka.