Ugun Maman Kamsi

A wani gida a Tudun Wada, cikin garin Jos, akwai wata yarinya 'yar aji huɗu. Tana da ƙoƙari, amma ba ta son tambaya. Kome za a gaya mata, kafin a rufe baki ta ce, "Na sani."

Maƙwabciyarsu, Maman Kamsi, tana da shukar ugu a cikin wani tsohon bokiti. Ganye ne da take miya da shi. Mahaifiyarta ce ta ba ta irin kafin ta rasu, shi ya sa take ji da shukar ƙwarai.

Ran nan, cikin bazara, 'yarta ta haihu a Inugu. Za ta je ta kula da mai jego, mako biyu. Sai ta kira yarinyar, da Hausarta da ba ta bambanta mace da namiji.

"Zo, yarona. Ka ba ugu na ruwa kullum, ka ji? Bari na nuna maka yadda..."

"Na sani, Mama," in ji yarinyar.

To, ga abin da ta sani. Babanta yana sayar da latas da alayyafo a kasuwa. Ta sha ganin yana tsoma hannu a ruwa yana yayyafa wa ganye, su yi shar. Haka ta riƙa yi wa ugu kowace safiya. Ko kofi ɗaya ba ta zuba a ƙasar bokitin ba.

Bai ishe ta ba. Ta janyo bokitin daga inuwar katanga zuwa tsakar gida, wai don kowa ya ga aikinta.

A kwana na biyar, ganyen ya yi laushi. A na shida, duk ya sunkuya, wasu har sun bushe. Ta tura bokitin bayan duro, ta tafi makaranta ba ta ko karya ba. Me za ta ce wa Maman Kamsi?

A ranar, Malama Felicitas ta ɗaure farar leda a reshen gwaiba tun da safe. Bayan hutun tara, ta fito da 'yan aji. Cikin ledar duk ɗigon ruwa ne.

"Wa ya zuba ruwan nan?" in ji Malama.

Yara suka matso suna leƙen ledar, Malama ta ci gaba.

"Ganye ne ya fitar da shi," ta ce. "Saiwa ke tsotso ruwa daga ƙasa. Ya bi ta wasu siraran hanyoyi a cikin kara, ya hau har ganye. Ganye kuma yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ta nan ruwan ke fita. In rana ta yi zafi, ya fi fita da sauri."

Yarinyar ta ɗaga hannu a hankali. 'Yan aji suka juyo, don ba su taɓa jin ta yi tambaya ba.

"Malama, idan ganyen kawai aka jiƙa fa?"

"Idan kina jin ƙishirwa aka wanke miki fuska, kin sha ruwa?"

Yara suka yi dariya. Ita kam ba ta yi ba.

"Amma haka Babana yake yi wa latas."

"Na babanki an riga an yanke shi, ba shi da saiwa. Sanyaya shi yake yi don kada ya yi saurin yaushi. Mai saiwa kuwa, a gindi ake ba shi."

Ana tashi ta sheƙa gida. Ta ja Umma zuwa bayan duro, tana hawaye, ta faɗi duk abin da ta yi.

Umma ta danna yatsa a ƙasar bokitin. Ta bushe ƙamas.

"Kin yi wauta," in ji Umma. "Amma karan da sauran ɗanye. Ɗauko ruwa."

Suka mayar da bokitin inuwa. Yarinyar ta zuba ruwa a gindi, kaɗan-kaɗan, har ƙasar ta sha. Suka cire busassun ganye, suka rufe ƙasar da ciyawa.

"Umma, zai tashi?"

"Sai mu ga safiya."

Da gari ya waye, ko takalmi ba ta sa ba ta fita. Ganye uku sun miƙe. Ta tsuguna ta yi ajiyar zuciya, ta ji kamar an sauke mata jarkar ruwa daga ka. Bayan kwana huɗu, sabon toho ya fito.

Da Maman Kamsi ta dawo, wajen bokitin ta fara zuwa.

"Ina sauran ganye?"

"Ni na kusa kashe shi, Mama. Ban tsaya kin nuna mini ba. Ki yi haƙuri."

Maman Kamsi ta daɗe tana duban sabon tohon. Ta shafa shi da yatsa.

"Bai mutu ba, kuma ka faɗi gaskiya. Ya wuce."

Ranar yarinyar ta gane cewa idan aka ba ka amana, ka tsaya ka saurara, abin da ba ka sani ba kuma ka tambaya.

"Zo," in ji Maman Kamsi. "Bari na nuna maka yadda ake kafa masa sanda ya hau."

Yarinyar ta buɗe baki. "Na sa..."

Sai ta yi murmushi.

"Nuna mini, Mama."