Siket Ɗin Raga Da Inna Ta Dafa

Yaya ta ɗaga siket ɗin da yatsu biyu a tsakiyar falo, ta juya shi gaba da baya. Ragar da ta ɗinka hawa-hawa don ta buɗa rigar amarya ta ƙanƙance, ta murɗe kamar ledar da ta kusanci wuta. Kalar dai ta hau, shuɗi mai kyau, amma ko 'yar tsana ba za ta shige shi ba.

"Auta! Zo ki ga aikin surukarki!"

Auta ta fito daga ɗaki da waya a hannu. Ita ce amaryar, kuma Yaya ce ta riƙe ta tun rasuwar mahaifiyarsu, da keken ɗinki ta ciyar da ita. Shi kuwa angon makaniki ne, mahaifiyarsa Inna mai rini ce. Inna da bakinta ta roƙi a ba ta siket ɗin ta rina shi shuɗi, don kalar ta riƙa leƙowa ta ƙarƙashin farar rigar, wai gudummawarta ke nan. To, Inna duk rayuwarta auduga take rinawa, ita kuwa auduga sai an tafasa ta. Haka ta zuba ragar roba a tukunya, ta ƙara wuta.

"Yaya, kuskure ne fa..."

"Kuskure? Raini dai! Idona ya kusa tsiyayewa a kan ragar nan! Ki je ki gaya mata ni na ce: tsohuwar da ba ta san raga daga zane ba, ta zo shagona ta durƙusa ta ba ni haƙuri. In ba haka ba, ba da ni za a yi bikin nan ba!"

Auta ta san Yaya, in ta kafe ba mai tanƙwara ta, kuma ita ba ta ga auren da za ta yi babu Yaya ba. Ta koma ɗaki ta yi kukanta, sannan ta wanke fuska ta nufi gareji.

Ta tarar da angon a ƙarƙashin mota. Da ya ji abin da ake ciki, ya fito yana goge hannu da tsumma.

"Haba! A kan siket? To ni ma ki kai wa Yaya nawa: Inna ba ta durƙusa wa kowa. In raga ta fi ni daraja, a fasa kawai!"

"Sori, ka huce mana. Ni na ce maka ta fi ka?"

"Ki dai gaya mata."

Ga saƙo biyu a bakin Auta, kowanne ya isa ya rushe komai.

A gidan Inna, ta same ta zaune kusa da tukwanen rini, ta yi tagumi da hannayenta masu shuɗi. Tun safe ba ta ci komai ba.

"'Yata, na ɓata miki kaya. Kunya ta hana ni kawo shi da kaina, shi ya sa na aika. Me yayarki ta ce?"

Auta ta sunkuyar da kai. "Ta ce ki zo shago, Inna."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Da ta koma gida Yaya ta tambaye ta abin da makanikin ya ce, sai ta amsa, "Ransa bai yi daɗi ba." Nan ma ba ta ƙara ko kalma ba.

Washegari da hantsi Yaya na kan keke, kwastomomi cike da benci, sai ga Inna da bokiti da ƙullin garin rini. Ta ajiye su a bakin ƙofa. Ba wanda ya gaya mata sharaɗin, amma ta dafa bango, ta fara lanƙwasa gwiwa a hankali.

"'Yata, na lalata miki wahalarki. Ki yafe..."

Yaya ta miƙe zumbur, almakashi ya faɗi ƙasa. Abin da ta nema ke nan, amma da ta ga farin gashi yana yin ƙasa a gabanta sai ta yi wuf ta nufe ta. Ta tare ta tun gwiwar ba ta taɓa siminti ba.

"Subhanallahi! Inna, tashi don Allah! Wa ya ce ki yi haka?"

"Ba kowa. An dai ce in zo."

Yaya ta juya ta dubi Auta. Auta ta kafa wa ƙasa ido. Nan Yaya ta gane cewa zaginta bai je ko'ina ba, hawaye suka zubo mata.

"Zauna nan, Inna. Akwai ragowar raga a sama. Amma fa ita ruwa mai ɗumi take so, ba tafasasshe ba."

"To ke ki riƙe wutar, ni in riƙe kalar," in ji Inna.

Kwastomomi suka kwashe da dariya. Yaya da Inna suka fara gwadawa da ƙyalle, ya fito lafiya, sannan Yaya ta ɗinka sabon siket suka tsoma shi.

Ranar biki rigar ta buɗe fes, shuɗin yana leƙowa duk takun da amarya ta yi. Angon ya matso ya yi mata raɗa.

"Wai kin kai wa Yaya saƙona kuwa?"

"Yana nan wurina. In kai mata yanzu?"

"Rufa min asiri!"

Wannan ita ce ribar haƙuri. Mutum in ya fusata yakan faɗi abin da shi kansa zai ji kunyarsa gobe, don haka ba kowace magana ake ɗauka a kai inda aka aike ta ba. Da Auta ta kai saƙonnin nan yadda aka ba ta su, da ta rasa miji ko ta rasa Yaya. Ta haɗiye su, ta tsira da duka biyun.