Gadar da Baba Ya Wuce Ba Kilakson

Ana gab da kiran magariba na dawo Didaouré, unguwarmu a Sokodé, da maganin Baba a aljihu. Tun daga zaure nake jin kukan keken: ƙiii, ƙiii. Na yi murmushi. Dabarata ce ke aiki.

Shekara talatin Baba Alidu yana jan mota tsakanin Sokodé da Dapaong kafin ɓarin jikinsa ya shanye. Likita ya ce ya riƙa murza keken motsa jiki kullum, in ba haka ba ƙafar hagu ta tafi ke nan. Baba ya ƙi.

"Ni direba, in hau abin da ba ya zuwa ko'ina?"

Ni kuwa sabon digiri a hannu, kai cike da dabaru. Na ɗaure waya a gaban taksi, na ɗauki bidiyon hanyar kaf har Dapaong, na haɗa shi da manhajar keken. In ya murza, hanya ta tafi a allo. In ya tsaya, ta tsaya. Har sautin na gyara, na yanke hayaniya da duk wani kilakson, wato hon ɗin mota, da direban ya danna, don Baba ya samu natsuwa.

Sati biyar yana yi, yana gaya min sunan kowane ƙauye. Ƙafar ta fara ɗagawa da kanta.

A wannan yammacin, da na ɗaga labulen ɗakin, warin laka ya doke ni. Laka da ruɓaɓɓen ganye, irin na bakin rafi. Wata biyu rabonmu da ruwan sama.

A allon, wata 'yar gada ce ke matsowa, gab da shiga Dapaong.

"Nourou," in ji Baba, da raɗa. "Ina kilakson?"

"Na cire, Baba. Ƙara ce kawai."

"Sau uku ake dannawa a nan. Masu wurin na zama a kan gadar. Don su kwashe 'ya'yansu ne."

"To ka tsaya mana."

"Na tsaya tun ɗazu."

Na duba ƙasa. Ba ya murzawa. Fedar ce ke jan ƙafafunsa.

Na zare wayar wuta. Allon bai mutu ba.

Da rana tsaka na ɗauki bidiyon hanyar nan. Yanzu a ciki rana ta faɗi.

Akwai wata mace zaune a bakin gadar, ta ba mu baya. Ba ta cikin abin da na ɗauka. Wani ɗan abu na rarrafe a tsakiyar titi.

Baba ya buɗe baki zai yi sallama. Harshen ya ƙi.

Keken ya yi tsalle, kamar mota ta taka abu. Keken da ke kafe a kan siminti.

Na ji sautin. Har yau ina jin sa.

Matar ta miƙe. Ta ɗauki abin, ta rungume. Sannan ta fara juyowa, a hankali.

Baba ya fizgi rigata da hannun da ke aiki, ya tura kaina bayansa.

Ban ga fuskarta ba. Shi ya gani.

Da Inna Fulera, matar Baba, ta shigo da gudu, allon ya yi baƙi, Baba na ƙasa, ƙafafunsa jiƙe da laka har gwiwa.

Daga ranar bai sake taka ƙasa ba. Har ƙafar daman ta mutu. Likita ya duba hoton ƙwaƙwalwa, ya ce bai ga sabon abu ba.

Na tafi gadar da kaina. Na roƙi wani tsohon direba ya danna min sau uku. Ya danna, don kunya.

"Ɗana, kafin a wuce ake yi," ya ce. "Ba bayan an wuce ba."

Jiya ina goge wa Baba jiki, na ce ya bar ni in koma in gaya wa matar gadar gaskiya.

Ya riƙe min hannu har ya yi zafi.

"Ta tambaye ni wa ke tuƙi," ya ce. "Na ce ni ne, ni kaɗai. Kada ka kuskura ka gyara min magana."