Ragon da Zugazugi Bai Ji Ba

Zugazugi, injin iska, na aikinsa kamar kullum, yana zuƙe ɗumin numfashin tumaki daga ƙasan benen kiwo na Sabuwar Rima, yana hura wa kajin da ke hawa na tara. Da shi birnin ya huta da hura wuta don 'yan tsaki. Kowace tunkiya da ɗankunnen sauraro a kunnenta. Da ta yi tari injin zai ji, ya toshe bututu kafin ƙwayar cutar huhu ta hau sama. Abin da ba shi da ɗankunne kuwa, a wurin Zugazugi babu shi.

Ana sauran mako Sallah, surukin Gambo mai gadin tumaki ya zo da ragon layyarsa daga ƙauye, ya ce a ajiye masa. Ƙa'ida ce baƙuwar dabba ta fara zama a ɗakin killacewa. Amma wa zai dubi uban matarsa ya ce ana zargin ragonsa? Gambo ya durƙusa ya karɓi igiya, ya shigar da shi ta ƙofar dusa.

Ragon ya yi ta tari, majina na zuba. Injin ya ɗauka ƙarar ƙofa ce.

A sama kuwa Talatu ke kiwon kajin gidan da ta gada wurin uwarta, su kaɗai suka rage a birnin masu kwanci kan ƙwai da kansu. Ranar Laraba ta tarar da su sun takure, zankonsu ya yi baƙi, suna buɗe baki neman iska. Ta sauko da guda a hannu.

"Gambo, me ka shigo da shi?"

"Yaya Talatu, allon injin ya ce lafiya lau."

"Allon ne ke tari a bayanka?"

Ya sunkuyar da kai. "Na Baba ne. Kin san ba a..."

"Na sani," ta ce, ta zauna a kan buhun dusa. "Ni ma da na karɓa."

Kafin ma'aikatan lafiya su zo, ta gaji da kwasar gawa. Ƙwai shida suka rage, masu ɗumi har yanzu. Aka ce ta kai su injin ƙyanƙyasa. Ta ƙulle su a gefen zaninta, ta ce ta ji.

Zugazugi bai tsaya ba. Ya ci gaba da ɗumama hawa na tara, inda babu sauran mai jin sanyi.