Tayil ɗin da Aka Ce a Kewaye

Ranar Talata, dab da magariba, na fita kai wa 'yata Auta zanen aikinta da ta manta a kan teburin falo. Ta bugo mini waya ta ce, "Baba, don Allah takardar nan mai faɗi da aka naɗe. In ban kawo ba Manaja zai cinye ni ɗanya." Na sa takalmi, na tayar da tsohuwar motata.

Shekara talatin da huɗu na yi ina koyar da lissafi, kuma ban saba faɗin abin da ban auna ba. Ina rubuta wannan ne domin kamfanin da take wa aiki ya aiko takarda cewa ita ta jawo wa kanta abin da ya same ta. Sun kore ta, sun ɓata mata suna a wurin masu ba da shaidar aiki. Ƙarya ne. Ina wurin. Sa hannuna yana cikin littafin baƙi, ƙarfe shida da minti goma.

Aikin Auta shimfiɗa wayoyin sadarwa ne a babban ginin da ake ajiye kwamfutoci masu adana bayanan jama'a. Sana'a ce mai ƙa'ida, shi ya sa nake ganin girmanta. Kowace waya sai an sa mata lamba a kai biyun. Ba a lanƙwasa ta fiye da kima. Wayar tagulla kuma ba ta wuce mita casa'in daga inda ta tashi zuwa inda ta sauka. In ta wuce, masu duba aiki ba za su sa hannu ba.

Na buɗe zanen a gida kafin in fito, halin malami. Duk layukan a miƙe suke kamar da rula aka ja, sai guda ɗaya. Shi ya taho sak, ya zo kusa da bangon baya, ya karkace ya zagaye tayil ɗaya, sannan ya koma hanyarsa ta can wani lungu. Tsohon injiniyan da ya tsara ginin ya zana wa tayil ɗin da'ira da jan biro. A gefe ya rubuta kalma biyu: A kewaye.

Manaja ne ya tare ni a ƙofa. Ɗalibina ne a da, na aji uku, mai tsallake layi ya rubuta amsa.

"Malam, kai da kanka?"

"Ni da kaina. Har yanzu ba ka nuna aikinka?"

Ya yi dariya, ya goga katinsa a jikin ƙofar. "Shigo ka ga inda 'yarka ke wahalar da mu."

Ɗakin dogo ne, ba taga. Kabad-kabad na ƙarfe a jere, sun fi ni tsayi, fitilu kore suna ƙiftawa a cikinsu. Ƙarar fanka ta cika ko'ina, irin wadda ke sa mutum ya manta yana jin ta. Daɓen ba daɓe ba ne, tayil ne aka jera a kan ƙafafun ƙarfe, wayoyi suna bi ta ƙasa tare da iska mai sanyi. Sanyin har cikin takalmi. Wurin yana warin roba sabuwa da ƙarfe.

Auta tana durƙushe gaban kabad na ƙarshe. Abokin aikinta, wanda suke kira Dogo, yana can ɗaya ƙarshen ɗakin da babban naɗin waya.

Manaja ya shimfiɗa zanen a ƙasa, ya ɗora yatsa kan da'irar.

"Ga matsalar. In an kewaye, mita casa'in da shida. In an miƙe, tamanin da huɗu. Gobe da safe masu duba aiki za su zo."

Auta ta ce, "Yallaɓai, a matso da kabad ɗin. Aikin kwana biyu ne."

"Wa zai ba ni kwana biyu?"

"Tsohon nan bai zana wannan a banza ba. Har yau ba wanda ya taɓa ɗaga tayil ɗin."

"Tsohon nan yana gida yana jinyar gwiwa. Ko aljani kike tsoro, 'yar Malam?"

Dogo ya ɗaga murya daga nesa. "Ni dai ina tsoro, Yallaɓai, a rubuta."

Manaja ya ɗauko abin ɗaga tayil, mai roba biyu da ke mannewa. Ya taka da kansa zuwa bangon baya. Ya danna. Ya ja. A lura da wannan: hannunsa ne, ba nata ba. Na ƙirga tayil goma sha biyu daga inda muke zuwa wurin, kowanne santimita sittin. Mita bakwai da ɗan ɗoriya.

Tayil ɗin ya taso da wani sauti kamar an zare ƙafa daga laka.

Na matsa na leƙa. Ko'ina a ɗakin, in an ɗaga tayil, ana ganin siminti a ƙasa, bai kai tsawon hannu ba. Nan ban ga siminti ba. Manaja ya haska tocilar wayarsa, hasken ya shiga bai taɓa komai ba. Iskar da ke fitowa kuma mai ɗumi ce. Tana fitowa, ta tsaya, ta sake fitowa. Warinta kamar na gashin da ya ƙone.

Na ce, "Rufe wannan."

"Malam, nan ba aji ba ne."

Dogo ya turo wayar ta ƙarƙashin daɓe da doguwar sanda. Manaja ya ce Auta ta zura hannu cikin ramin ta kamo. Ta dube ni, ta yi bismilla, ta zura. Ta fito da kan wayar shuɗiya, ta ja ta a kan tayil har gaban kabad ɗinta. Rarar da ta saura ta naɗe ta a damtsenta na hagu, yadda duk masu sana'ar suke yi. Ta haɗa kan wayar da na'urar gwaji, ƙaramin akwati mai allo da ke faɗin tsawon waya.

Allon ya nuna tamanin da huɗu.

Manaja ya tafa. "Ka gani, Malam? Amsa ta fito."

Daga can Dogo ya yi magana, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Auta. Ke kika ja?"

"Ban ja ba."

"Kan wayar ya suɓuce mini. Ya shige ƙasa."

Na dubi allon. Casa'in da ɗaya.

Auta ta sake danna maɓalli. Ɗari da talatin.

"Ta lalace," in ji Manaja.

"Jiya aka saita ta, Yallaɓai."

Ɗari huɗu. Ɗari tara. Waya mai mita tamanin da huɗu ba ta zama ɗari tara. Na san wannan kamar yadda na san sunana. Lambar ta tsaya a nan.

Fankokin suka yi shiru, ɗaya bayan ɗaya, daga bangon baya zuwa inda muke. Fitilun kabad duk suka koma ja. A cikin shirun na ji abu daga ramin, can nesa, kamar ana jan buhu a kan tsakuwa.

Lambar ta fara sauka.

Ɗari bakwai. Ɗari biyar.

Auta ta raɗa, "Baba, ƙarshen wayar ne ke matsowa."

"Kwance ta daga hannunki."

Ta kama naɗin. Bai motsa ba. Ya matse damtsenta har naman ya kumburo tsakanin zobban.

Ɗari biyu. Casa'in. Arba'in.

Warin ya cika ɗakin.

Ashirin.

Na ji takun gudu a bayana, sai ƙarar kati, sai ƙofa. Manaja ne. Ƙofar ta rufe kanta bayansa, ta kulle.

Goma.

Bakwai.

Wayar ta miƙe kamar tsirkiyar baka, ta fizge Auta. Fuskarta ta daki kusurwar kabad, na ji ƙarar haƙori. Ta faɗi rub da ciki, aka ja ta a kan tayil, farcenta na dama yana kartar daɓen. Na kama ƙafarta. Aka ja mu tare. Ni mai shekara sittin da takwas, aka ja ni kamar tsumma.

Dogo ya iso da gudu ya rungumi kugunta. Wata waya ta fasa tayil daga ƙasa, ta zabge shi a wuya, ta maka shi da kabad. Gilashin ƙofar kabad ɗin ya tarwatse a kansa. Bai tashi ba.

Tayil takwas. Tara. Ina ƙirgawa, ban san dalili ba.

Hannunta ya shiga ramin har kafaɗa. Kafaɗar ta yi ƙara ta goce. Auta ba ta yi kuka ba. Numfashi kawai take ja, bakinta duk jini.

"Baba, filaya. Aljihuna."

Na laluba wandon aikinta. Na zaro filayar yanka waya. Na kwanta a bakin ramin, na zura hannu ina bin nata, har na wuce yatsunta na taɓa wayar. Zafi gare ta, tana bugawa kamar jijiya.

Sai wani abu ya kama ni.

Yatsu ne. Dogaye, busassu, gaɓoɓinsu sun yi yawa. Suka bi bayan hannuna a hankali, kamar mai neman lamba a jikin waya. Suka zaɓi ƙaramin yatsana, suka lanƙwasa shi baya. Ya karye. Suka koma na kusa da shi.

Na buɗe baki in yi addu'a, kalma ɗaya ce ta fito: Allah.

Na biyun ya karye.

Wata murya ta yi magana dab da kunnena, ba ta namiji ba, ba ta mace ba.

"Hanyata ce."

Na ce, "Ba ita ta buɗe ba."

Da yatsu ukun da suka rage na matse filayar.

Wayar ta tsinke. Wani baƙin ruwa mai zafi ya feso mini a fuska. Daga ƙasa aka yi wata kururuwa da ta sa duk kabad ɗin ɗakin suka girgiza. Na ja Auta baya. Na tura tayil ɗin da ƙafa, ya faɗa mazauninsa. Na hau kansa na zauna.

An buga daga ƙasa sau uku. Kowane bugu sai da ya ɗaga ni.

Sannan fankokin suka tashi, fitilu suka koma kore.

Mai gadi ne ya buɗe mana, bayan minti ashirin da biyar. Manaja yana cikin motarsa, ya kulle gilashi.

Dogo ya rayu, amma har yau da raɗa yake magana. Auta ta rasa haƙora uku, hannun hagunta ba ya ɗaguwa sama da ƙirji, kuma akwai zobba shida a damtsenta da likita ya ce ƙuna ce. Ba ta kwana a ɗaki mai tayil, sai da na sa aka cire na ɗakinta. Yatsuna biyu sun warke a karkace, da ƙyar nake riƙe biron nan.

Takardar kamfani ta ce Auta ta ɗaga tayil ba da izini ba, ta taɓa wayar wuta. Babu wayar wuta a wurin, zanen yana hannuna. Sun ce kyamarorin ɗakin ba su ɗauki komai ba a wannan sa'ar. Na je ofishinsu sau biyar. Sau biyar ana ce mini Manaja yana taro. Masu duba aiki sun zo washegari, an ce musu an ɗage aikin, suka tafi.

Abu uku nake nema. A janye takardar nan a rubuce. A rubuta sunan wanda ya ɗaga tayil ɗin, ya kuma gudu ya bar ƙofa ta kulle. A mayar da jan biron tsohon injiniya kan kowane zane, don wata 'yar wani za ta zo bayan tawa.

Guntun wayar da likita ya kwance daga hannun Auta yana wurina. Na ajiye shi a matsayin shaida, cikin akwatin da nake zuba takardun jarrabawa. Ranar da na karɓo shi na auna da rular makaranta, mita ɗaya da santimita ashirin. Kowace safiya nake aunawa in rubuta. Yau mita biyu ne da santimita goma sha biyar. Kai ɗaya ne ke tsawo, wanda na yanka. Duk yadda na kwantar da shi, da safe sai in tarar ya juya yana fuskantar inda ginin kamfanin yake.

Na ba su zuwa Litinin. In takarda ba ta zo ba, zan sa takalmi, in sa hannu a littafin baƙi, in ajiye akwatin a kan teburin Manaja tare da rular. Ya auna da kansa. Wannan karon sai ya nuna aikinsa.